Ranar da Na Rage wa Motar Alhaji Iska

Kai mai jar hula, na ji abin da ka raɗa wa abokinka. Don ka ga kaina a sunkuye, ba shi ne kunnena ya toshe ba. Wai faci ba sana'a ba ce, iska ce kawai, kowa ma zai iya hurawa. To, zauna. Babur ɗinka ba yanzu zai tashi ba, sai gam ɗin nan ya sha iska ya kama, ni kuwa ba zan gaggauta shi saboda kai ba. Ku ma ku ja bencin nan cikin inuwa. Ni ne Sale mai faci, na haura shekara arba'in a gindin darbejiyar nan ta bakin tashar Bagwai, kuma yau sai kun ji yadda iskar da kuke rainawa ta kusa raba ni da wurin nan, ita ce kuma ta dawo min da shi.

A Bici na koyi aiki, wajen Malam Garba, Allah ya jiƙansa. Wata uku cur bai bar ni na taɓa famfo ba. Aikina kullum da safe shi ne in barbaɗa toka a gaban rumfa, inda motoci ke takawa su tsaya. Mota na matsawa sai ya nuna min sawun da baki, ya ce, "Karanta." Idan tsakiyar taya kawai ta fito, gefe da gefe ba su taɓa ƙasa ba, iska ta yi yawa. Idan gefen ya ciji toka, tsakiyar ta yi dishi-dishi, iska ta yi kaɗan. Sai in aza tafin hannuna in auna tsawon wurin da tayar ta zauna. In na yi kuskure, akwai guntun tiyo a kusa da ƙafarsa, kuma ba ado ya ajiye shi ba. Ina jin haushinsa a lokacin. Na zaci mugunta ce irin ta masu gida, ashe sana'ar gaba ɗaya yake zuba min a tokar nan.

Wata rana da rani aka zo aka kira shi, wata tsohuwar a-kori-kura ta kafe a yashin rafi da buhunan gyaɗa. Ƙarti sun tura har sun gaji. Malam Garba bai ɗauki komai ba sai tsinken ashana da famfon ƙafa, ni na goya famfon. Ya tsuguna ya danna bawul da tsinken, iska na fita, mai motar na salati yana cewa a kafe take kuma za a sace mata taya. Malam bai kula shi ba. Da ya gama duka huɗun sai ya ce da ni, "Jaki da raƙumi, wa ke nutsewa a yashi?" Na ce jaki. Ya ce, "To mun cire mata kofato, mun sa mata ƙafar raƙumi." Motar ta fito kamar ba ita ba. Amma rabin karatun ke nan. Suna hayewa ya tare gabanta, ya ce ba za ta hau kwalta ba sai an mayar da iskar, domin taya mai laushi in ta ɗauki kaya ta yi gudu, lanƙwasa take yi tana miƙewa har ta yi zafi ta fashe. Ni na taka famfon nan ranar, har cinyoyina suka daina jin magana.

Da ya yaye ni, kayan da ya ba ni ba su cika buhu ba. Liba biyu, wato ƙarafan nan da kuke gani na ɓanɓare taya daga wili, maƙeri ne ya ƙera su da tsohon sifirin mota, har yau su ne. Guduma, jak, bahon ruwa na neman huji, da geji na auna iska. Injin iska daga baya na saye shi. Famfon ƙafar nan kuwa na Malam ne da kansa, na manyan motoci ne, na canja masa fata ban san sau nawa ba. Da waɗannan na yi wa kowa aiki a ƙasar nan: direban da zai ce ka ƙara, ka ƙara, sai tayar ta yi tauri kamar dutse sannan hankalinsa ya kwanta, malamin makaranta da zai tsaya a kanka yana karanta maka geji kamar ba ka da ido, da mai amalanken shanu da zai kawo tayar da ta girme shi ya ce a lallaɓa. Duk na iya da su. Har ta kai in mota ta tsaya, kafin direba ya fito na san ƙafar da ke ciwo.

To, sai Alhaji Mamuda, dillalin tumatir, ya sayo wata babbar a-kori-kura daga waje. Ba irin ƙananan nan ba. Mai gida biyu ce, wato kujeru gaba da baya, doguwa, tayarta ta kusa kai min ƙugu, an yi ta ne don ɗaukar kaya masu nauyi. Ya ɗauki direba, Nasiru, saurayi mai tsafta da ya yi kwaleji a Bici, ba ya rabuwa da tsumman goge gilashi. Satinta na uku ta taka ƙusa a ƙafar baya ta dama. Ƙusar ta shiga a karkace, dole sai an buɗe an yi facin ta ciki. Nasiru ya kawo ta nan, ya tafi cin abinci.

Ku saurara da kyau, nan ne na yi kuskuren. Mu da muka tashi da taya mai robar ciki, an koya mana ka fara sa liba daga wajen bawul, don kada ka tsinke robar. Hannuna ya yi haka sau dubbai, ba ya ma shawara da ni. Na kafa liba daidai bawul, na danna da ƙarfina. Sai na ji ƙas. Da na buɗe, ga wani ɗan baƙin abu kamar akwatin ashana, manne da gindin bawul ta ciki, ya rabe biyu. Na juya shi, na sake juyawa, ban taɓa ganin irinsa ba. Na ce a raina wani tarkacen Turawa ne na ado. Na jefa shi a gwangwanin tsofaffin ƙusoshi, na sa bawul irin namu, na yi faci mai kyau, na cika iska. Ban gaya wa Nasiru ba, don wallahi ban ɗauka akwai abin faɗa ba.

Kafin Nasiru ya kai ta gida wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba, wajen agogon gudu. Siffarta kamar turmi da taɓarya a ciki. Ta yi ta ƙiftawa, sannan ta tsaya, ta ƙi mutuwa. Suka kai motar Kano. Can aka buɗe tayar aka ga bawul ɗina, aka ce wa Alhaji wanda ya yi facin nan ya fasa na'urar da ke auna iska, sansa suke ce mata, ya kuma ɓoye. Aka sa mata sabuwa. Ranar kasuwa Alhaji ya zo, tashar nan cike, ya tsaya daidai inda babur ɗinka yake. Bai ko amsa gaisuwata ba.

Ya ce, "Sale, ɓarnar ba ta dame ni ba kamar ɓoyewar."

Na ce, "Alhaji, ban san abu ne mai amfani ba."

Ya ce, "Au, ba ka ma sani ba. To wannan ya fi muni. Wallahi tallahi, hannunka ba zai ƙara taɓa tayar motata ba."

Ya shiga mota suka tafi. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba tun da na fara sana'a, kuma abin da ya fi ci min rai shi ne gaskiya ya faɗa.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mummunar shekarata. Kafin sati ya zagayo an raɗa min suna, Sale mai fasa kwamfuta. Duk mai mota 'yar yayi sai ya wuce ni ya tafi Bici, wajen masu injin cire taya. Har waɗanda motarsu ba ta da ko rediyo suka fara tsoron kada in fasa musu kwamfuta. Aka bar ni da keke, da baro, da amalanke. Injin iskata sai ya kwana uku ban tashe shi ba. Cikin masu zuwa da ba su fasa ba akwai Bulus, wani manomi daga unguwar da ke hayin rafi, inda suke noman rani. Mutanensu Kirista ne, mun saba tun muna samari. Shi ko tayar amalankensa lafiya lau take sai ya kawo in duba, mu yi hira. Ana nan sai shugaban tasha ya kira ni gefe, ya ce direbobi na ƙorafi, suna son a kawo mai inji. Ya ce, "Baba Sale, ba na son in yi maka haka. Amma in kakar tumatir ta wuce motoci ba su dawo maka ba, zan ba da gindin bishiyar nan." Ni na dasa darbejiyar nan da hannuna.

Ban yi masa gardama ba. Na dawo na zazzage gwangwanin ƙusoshi, na tsinto abin nan da na fasa, na ƙulle shi a leda na hau mota zuwa Kano. Na sami wani mai gyaran taya da ke da injuna, sa'an ɗana ne, na ce masa na zo koyo. Ya yi dariya, ya ga ban yi ba, sai ya ba ni kujera. Kwana huɗu ina zuwa. A nan na gane abin ba tsafi ba ne. Geji ne kawai aka ɗaure a cikin taya, yana gaya wa motar yawan iska ba tare da waya ba. A jikin ƙofar direba akwai 'yar takarda da aka rubuta iskar da motar ke so in ta yi lodi. Irin ta Alhaji sittin a gaba, tamanin a baya. In iskar ta ragu da kamar kashi ɗaya cikin huɗu, fitila ta kama ta tsaya cak. In kuwa ta fara da ƙiftawa, ba iska ba ce, na'urar ce ta lalace. Ya nuna min yadda ake sa alli a daidai bawul, a kafa ƙarfe nesa da shi.

Rana ta ƙarshe na tambaye shi, "To ita na'urar, ta san ko motar a kan kwalta take ko a yashi?"

Ya ce, "A'a, Baba."

"Ta san ko da kaya ko babu?"

Ya ce, "Ba ta sani ba. Lamba ɗaya aka ba ta, ita take tsaro."

Na ce masa na gode. A mota ina dawowa na yi ta tunanin tokar Malam Garba. Fitilar nan ba maƙaryaciya ba ce, ku riƙe wannan. A kan kwalta, da kaya, in ta kama ka tsaya, ta fi ka gaskiya. Amma makauniya ce, ba ta ganin ƙasa. Motar nan in babu kaya ka bar mata tamanin a baya, tsalle za ta yi ta yi da kai a kan gargada har haƙoranka su haɗu, tsakiyar tayar ta cinye gefe na nan sabo. A yashi kuwa tamanin wuƙa ce, yanka ƙasa take tana nutsewa. Na dawo da ilimina, amma wa zan gaya wa? Ba wanda ya kawo min mota. Kakar tumatir ta zo ta fara ja da baya, ina nan ina facin baro.

Ran nan wata Talata, zafi ya fara, hantsi ya ɗaga sosai, sai ga Bulus a kan babur, ƙafarsa duk yashi. Bai sauka ba.

Ya ce, "Sale, tashi. Motar Alhaji Mamuda ta kafe a tsakiyar rafi, da tumatirin unguwarmu gaba ɗaya a kanta. Babbar motar Kudu tana bakin kwalta, direban ya ce ana sallar la'asar zai tashi, da mu ko ba mu."

Na ce, "Kun tura?"

"Mun tura. Mun ɗaura shanu huɗu, igiya ta tsinke. Mai tarakta ya tafi Zakirai biki."

Na ce, "Bulus, kana nan mutumin nan ya rantse."

Ya ce, "Rantsuwar tasa ce, tumatirin namu ne. Tsinkar ƙarshe ce, in ta kwana a nan sai dai a zuba wa awaki."

Na ɗauki geji, da shebur, da ashana, na ɗaure famfon Malam a bayan babur.

Da muka isa, ban kalli motar ba, sawunta na fara bi tun daga gangare. Siriri, mai zurfi, kamar an ja garma. Nasiru ya yi ta taka totur har ƙafafun baya sun haƙa wa kansu rami, cikin motar ya kusa zama a kan yashi. Kwanduna jere har sama, an rufa musu ganye, na ƙasa sun fara tsiyaya. Mutanen unguwa maza da mata sun yi cirko-cirko. Nasiru ya gaishe ni yana kallon gefe. Na tambaye shi iska nawa ce a ciki. Ya ce da safe ya cika ta a Bici, sittin da tamanin, yadda takarda ta ce, tunda zai yi lodi.

Na ce, "Ka yi daidai, na kwalta. Yanzu sai an rage. Baya talatin, gaba ashirin da biyar."

Ya zaro ido. Ya ce, "Baba, wannan fa ba irin motocinku na da ba ce. Kwamfuta ce. Fitila za ta kama, Alhaji kuma ni zai kora."

Na ce, "Kira shi. Ka buɗe muryar kowa ya ji."

Na zuba hannuwana a aljihu na tsaya. Alhaji yana Kano. Nasiru ya yi masa bayani, Alhaji ya ce a nemo tarakta, aka ce babu. Ya ce a sauke kaya a tura, aka ce an gwada turi tun ɗazu. Sai ya ce a ba ni.

Ya ce, "Sale, ka san na rantse."

Na ce, "Na sani, Alhaji, a gabana ka yi. Shi ya sa hannuna ke aljihu. Ban taɓa ba, ba kuma zan taɓa ba sai da bakinka."

"In fitilar nan ta sake kamawa fa?"

Na ce, "Za ta kama, tun yanzu nake gaya maka. Za ta kama ta tsaya cak, ba za ta ƙifta ba. In ta ƙifta, na yi ɓarna. In kuma na mayar da iska ba ta mutu ba kafin mu taka kwalta, shi ma na yi ɓarna. Ko wanne ya faru, ba sai shugaban tasha ya kore ni ba, da kaina zan kwashe kayana gobe. Ga mutane nan suna ji."

Bulus ya harare ni, wai na yi ganganci. Sai muka ji Alhaji ya ja numfashi a wayar.

Ya ce, "Taɓa. Na ɗauki kaffara."

Na fitar da hannuna. Farko na sa aka sauke rabin kwandunan, domin taya mai laushi ba ta son nauyi ya yi mata yawa. Muka haƙe yashin gaban kowace ƙafa, muka yi mata gangare mai sauƙi, aka shimfiɗa karan dawa. Sannan na tsuguna a ƙafar baya ta dama, ita dai wadda ta ja min, na yi bisimilla na danna bawul da tsinken ashana. Iska tamanin in tana fita kuka take kamar an taka maciji. Ina ragewa ina aunawa, ina aza tafin hannu a ƙasa. Da farko inda tayar ta zauna bai fi tafina ɗaya ba. A hamsin ya fara miƙewa. A talatin ya kusa tafi biyu, cikin tayar ya ɗan bullo gefe. Ina kan ƙafa ta biyu motar ta yi ƙara, ƙiiing, Nasiru ya leƙo.

Ya ce, "Baba, ta kama."

"Tana ƙiftawa?"

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "A'a. A tsaye take."

Na ce, "To gaskiya ta faɗa, iska ta ragu. Ni na rage ta. Bar ta ta yi aikinta, mu yi namu."

Da na gama huɗun na tsaya a tagarsa. Na ce ya sa giyar da ke jan ƙafa huɗu, ya riƙe sitiyari a miƙe, kada ya kuskura ya murɗa shi da ƙarfi, don tayar na iya zamewa daga wili. Totur kuwa ya taka shi kamar yana taka ƙwai. Na hana kowa turawa. Ina so su gani da idonsu. Motar ta yi gurnani, ta ɗan girgiza, karan dawa ya yi ƙara a ƙarƙashinta. Sai ta ɗago. Ta fito daga ramin a hankali, ta hau kan yashin ta bi shi, ba ta ko tona ba, har ta haye gaɓar can. Matan unguwar suka rangaɗa guɗa. Ni sawun na tsaya kallo, faffaɗa, shimfiɗe, da Malam Garba zai gani da ya gyaɗa kai.

Kada ku ce an gama. Aka kwaso sauran kwandunan a ka aka mayar, azahar ta wuce, sai Nasiru ya ce a hau a tafi, lokaci ya ƙure, tunda ga shi motar na tafiya lafiya. Ɗazu shi ke tsoron fitila, yanzu kuma ya raina ta. Na je na tsaya a gaban motar.

Na ce, "Ɗazu ni ne da gaskiya, yanzu fitilar ce. Da lodin nan, a kan iska talatin, ba za ka kai kwalta da ƙafa huɗu ba. Sai dai ka bi ta kaina."

Na kwance famfon Malam. Ku da kuke cewa iska ce kawai, ina so wata rana ku ɗaga ƙafa ɗaya ta irin motar nan daga talatin zuwa tamanin da famfon ƙafa. Mu ƙafa huɗu muka ɗaga. Bulus ya jera mutanensa layi, kowa ya taka hamsin ya ba na baya. Maza suka gaji, mata suka karɓa, matar Bulus ta ɗaure zani ta taka fiye da mijinta, ana yi masa tsiya. Famfon ya yi zafi har sai da muka riƙa ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma. Daga sittin zuwa sama, mutum sai ya hau da nauyinsa duka kafin ya sauka. Nasiru ma ya cire agogo ya shiga layi. Ni ina tsugune da geji, ba na barin ko ɗaya ta wuce ko ta gaza. Muna gama ta ƙarshe inuwa ta fara tsawo.

Nasiru ya tayar da mota. Fitilar na nan.

Ya kalle ni. Na ce sai an ɗan yi tafiya na'urar ke farkawa ta sake aunawa, haka aka koya min. Na faɗa da ƙarfin hali, amma ban taɓa gani da idona ba. Na shiga gaba na zauna, karo na farko da na shiga motar nan. Muka kama hanyar burji. Muka wuce gonakin albasa, tana nan. Muka wuce makarantar firamare, tana nan. Muka zagaya wata kuka, sai ga kwalta can gaba, ga babbar motar Kudu, direbanta na alwala a gefe. Ina lissafin yadda zan ɗaure injin iska a amalanken Bulus gobe. Saura kamar jifa biyu mu hau kwalta, na ɗaga ido, wurin turmin nan ya yi baƙi.

Nasiru ya ce, "Baba. Baba, ta mutu."

Na ce, "Na gani. Kalli hanya."

Daɗin da na ji a wurin nan, ban ji irinsa ba ko ranar da aka yaye ni. Aka juye tumatir, motar Kudu ta tashi da shi bayan la'asar, ko kwando ɗaya ba a zubar ba.

Kun san hukuncin wanda ya karya rantsuwa, in yana da hali: ya ciyar da mabuƙata goma. Alhaji Mamuda na iya aikawa da hatsi gidaje goma a ɓoye, ba wanda zai sani. Bai yi haka ba. Ranar kasuwa, tasha cike, sai ga a-kori-kurar nan ta tsaya a nan, aka sauke tukwanen shinkafa da wake da nama. Aka shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar nan, aka kira mutum goma masu buƙata aka zaunar da su. Mutane suka taru suna tambaya, sadakar me ce, wa ya rasu? Alhaji da bakinsa ya amsa, da murya irin wadda ya yi rantsuwar da ita.

Ya ce, "Ba wanda ya rasu. Kaffara ce. A nan na rantse Sale ba zai ƙara taɓa tayata ba, a nan kuma nake warwarewa."

Shugaban tasha na tsaye yana ji. Daga ranar bai sake ta da maganar gindin bishiya ba, ni ma ban tambaye shi ba.

Da aka gama ci, Alhaji ya karɓi makulli daga hannun Nasiru ya miƙo min. Ya ce ƙafar baya ta dama tana rage iska a hankali, yana jin wata ƙusar ce, a buɗe a duba. Na ɗauka zai ja kujera ya zauna a kaina, ko ya bar Nasiru ya tsare ni. Sai ya ce wa Nasiru ya zo su je masallaci. Suka tafi, ina kallon bayansa har ya sha kwana, bai waiwayo ba ko sau ɗaya. Na ɗauki alli na yi alama a daidai bawul, na juya wilin, na kafa libar Malam Garba nesa da shi. Tayar ta buɗe, ga ɗan baƙin abin nan zaune lafiya lau.

Wanda na fasa kuwa ga shi can rataye a ƙusa, saman kanka, ba zan yar da shi ba. Gam ɗinka ya kama, mai jar hula. Na mayar maka da tayar. Ga famfon nan, tashi ka taka da kanka, tunda iska ce kawai. Ni zan gaya maka inda za ka tsaya.